Jikin Haya

Tun da aka kawo jikin haya Damagaram, ɗalibai suka daina komawa gida. Kana ɗakinka a Faransa, ka sa tabarau, sai ga mutum-mutumin ƙarfe yana yawo da muryarka a unguwarku.

Ranar da na gama karatu na yi hayar ɗaya, na shiga gidanmu. Dalbejiyar tsakar gida tana nan, kakata Iya Tsahara tana dama fura a inuwarta. Na zo durƙusawa in gaishe ta, gwiwar ƙarfen ta ƙi lanƙwasuwa. Haka na tsaya mata ƙerere a ka.

"Zuwaira ce yau, ko Laminun gidan liman? Duk fuskarku ɗaya," in ji ta.

"Ni ce, Iya. Sun ba ni aiki a can."

"Madalla."

Ta zuba fura a ƙoƙon da nake sha tun ina yarinya, ta ajiye a gabana, ta rufe da faifai.

"Iya, kin san ba zan iya sha ba."

"Na sani, ba ke na zuba wa ba. Kullum rufewa nake yi, ko mai ita za ta iso kafin ta yi tsami."