Robar da Mannir Ya Ɗaure Waya da Ita

Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, ga kuma dogon ƙarfen eriyar Malam Mannir tsaye a tsakar gidansa a Dandume, ya ƙi sauka.

Mannir mai gyaran rediyo ne, yana kuma da wata na'ura da yake hira da mutanen nesa da ita. Saboda ita ya sa Maitama mai walda ya ƙera masa ƙarfen: bututu uku masu shigewa cikin juna, a ɗaga su da igiyar ƙarfe, a sauke idan iska ta taso.

Ran da aka kafa shi Maitama ya ce, "Bari in sa maka zobba a gefe, wayar eriyar ta riƙa zamewa a ciki. Kada ka ɗaure ta."

"Roba na riƙe buhun masara a babur daga nan har Funtuwa," in ji Mannir. "Waya ce za ta gagare ta?" Ya yanko tsohon tub ɗin taya, ya tamke wayar a jikin kowane bututu.

Yau ya yi ta juya mariƙin saukewa har igiyar ta yi sako-sako, bututun sama bai motsa ba. Roba da waya sun cushe a bakin na tsakiya.

Matarsa Shafa'atu ta fito tana dafe da ɗankwali. "Malam, rabu da shi! Iska ta fara."

"In bar shi ya faɗa kan ɗakin Inna? Tana ciki, kin san ba ta iya tashi."

"To ka mayar da igiyar ta yi tauri tukuna. Me ke riƙe da shi yanzu?"

"Ke kuma yaushe kika koyi walda? Riƙe mini tsani."

Ya hau. Ƙarfen na rangaji, kwanon rufi na ƙara. Ya zura yatsunsa tsakanin bututun biyu, ya lalubo robar, ya finciko ta.

Ita kaɗai ce dama ke riƙe da bututun. Bututun ya rufto da dukan nauyinsa a kan yatsunsa.

A asibiti a Funtuwa aka ƙarasa cire yatsu uku na hannunsa na dama. Masu dubiya suka yi ta cewa, "Ƙaddara ce, Malam." Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ita ta ƙi zobba ba.

Bayan sati biyu Maitama ya zo ya liƙa zobban, bai kai awa ɗaya ba. Rediyoyin mutane na nan jibge a shago, Mannir ba ya iya kama ko ɗan ƙaramin noti.

Jama'a, dabarar da ta yi a wani aiki ba lallai ta yi a wani ba. A bar waya ta zame a cikin zobba, kuma kada a taɓa sa hannu ƙarƙashin ƙarfen da ba a tokare ba, komai gaggawa.