Fure Ɗaya Ruwan Ɗorawa

Mai shagon furanni a unguwar Madinat Nasr ya ajiye samfurin adon teburin biki a gabansu. Fari da kore ne, kamar yadda Batulu ta zaɓa, sai dai a tsakiya akwai fure ɗaya ruwan ɗorawa.

"An yi kuskure," ta ce.

"Ni na sa," in ji Illiyasu.

Ta dubi mutumin da za ta aura nan da kwana tara, ta kasa gane shi. Shi kaɗai ta taɓa gaya wa ba ta iya kallon wannan launi, don da riga irinsa aka kai 'yarta Azara asibiti, ba ta dawo ba.

"Mantawa ka yi, Malam, ko gwada ni kake?"

"Ban manta ba. Kowa mun ba shi wuri a bikin nan, ban da ita. In laifi na yi, shi ke nan, a cire."

Mai shagon ya miƙo hannu. Batulu ta rasa ko fushi take ko godiya. Sai dai ta ga hannunta ya riga nasa, ya rufe furen.

"A bar shi," ta ce. "Amma a teburinmu kaɗai."