Bikon Siddiƙa

Da hantsi suka bar Zango a kan babur, Sabiru yana tuƙi, Malam Sada a baya rungume da ƙullin goro da turmin atamfa. Laraba ce, ko Alhamis. Abin ya daɗe, shekara uku ko huɗu ne bayan an ƙaddamar da shari'a. Gero dai ya fid da kai, wannan kam babu shakka.

Biko za su. Siddiƙa, matar Sabiru, ta yi yaji kwana tara ke nan, ta koma gidan mahaifinta a garin Babban Mutum. A Zango kuwa in mace ta yi yaji, Malam Sada ake nema. Dattijo ne mai sanyin murya, shi ke karanta wa samari babin aure a zaurensa bayan la'asar, kuma ba a taɓa jin ya je biko an hana shi mace ba. Balle yau, da mijin ɗan ƙaninsa ne.

"Me ya haɗa ku?" ya tambaya a hanya.

"Ba komai, Baba. 'Yar magana ce. Na ɗan taɓa ta."

"Da wane hannu?"

Sabiru ya yi dariya. "Da dama mana."

Suka ci gaba da tafiya har suka isa.

Alhaji Harisu, mahaifin yarinyar, dillalin dabbobi ne. Ya shimfiɗa musu tabarma a zaure, tun ba a kwance goro ba ya gama shari'ar. "Ai ko ba ku zo ba, Malam, da kaina zan mayar da ita. Mace sai haƙuri."

Aka kira Siddiƙa. Ta durƙusa a gabansu ta gaishe su. Babu kumburi a fuskarta, babu tabo. Sai dai duk sa'ad da uban ya buɗe baki, sai ta juya fuska hagu, wajen bango.

"Ka gani ko?" in ji Alhaji, yana jin daɗi. "Kunya. Tun da ta zo haka take, ba ta iya haɗa ido da babba."

Malam Sada ya daɗe yana kallon yadda wuyanta ya karkata. Zauren da zafi, amma sanyi ya ji yana bin bayansa, kamar an shigo an tsaya a kansa. Ya miƙe da kyar, ya bar tabarma, ya zagaya damanta, ya zauna a ƙasa.

"'Yata," ya ce a hankali, "ba kau da kai kike ba. Kunnen da ya rage kike miƙo mana, ko?"

Ta ɗago a firgice.

"Na hagun yana ƙara, kamar injin niƙa daga nesa?"

"E, Baba."

"In ruwan alwala ya shiga, zafin har tsakar ka? In an kira ki, sai ki rasa ta ina kiran ya fito?"

Hawaye suka ɓalle mata. "Baba, ya aka yi ka sani?"

Sai Malam ya sake tambaya: "Karo na nawa ke nan?"

"Na huɗu."

Malam ya jawo ƙullin goro ya ƙara masa ɗauri, ya ture shi bayansa.

"Alhaji, na fasa bikon. A kai ta asibitin Daura yau, kada a kwana. In kuma ta ce gaban alƙali take so, ni zan raka ta, ni ne shaidarta." Sannan ya dubi Sabiru. "Macen da take sauraron takunka don ta gane ko yau da duka, ba zaman aure take ba. Matar gida takan yi dariya da ƙarfi. Takan musa maka magana ba tare da ta kare fuska ba. In ba ta samun wannan a wurinka, gidan ubanta ya fi mata."

Alhaji Harisu ya dubi 'yarsa. Siddiƙa ta yi zamanta a gidan ubanta.

A hanyar komawa Sabiru ya tsayar da babur a gindin wata tsamiya, yana huci.

"Baba, ka wulaƙanta ni gaban surukai. Mari ɗaya ne fa! Kau da kai kuma ai tarbiyya ce. Marigayiya Inna Madina shekara arba'in tana zaune da kai, in kana magana haka take juya fuska. Duk Zango da kunyarta ake ba da misali."

Iska ta kaɗa gero, ta lafa. Malam Sada ya sauko, ya dafa tsamiyar.

"Ba kunya ba ce, Sabiru," ya ce. "Tun watanmu na biyu da aure Madina ba ta ƙara ji da kunnen hagu ba, kuma har na sa ta a kabari ba ta gaya wa kowa cewa hannuna ne ba."