Hoton da Za a Kai wa Nanay Pilang

Mang Dado ya tsuguna a gindin kwando, ya kanne ido ɗaya, ya leƙa cikin kyamarar da ya aro wajen surukinsa, sai ya miƙe yana girgiza kai. Duk mai ɗaukar hoton ƙwallon kwando a Manila ya san nan ne wurin tsayuwa, nan ake kama fuska da gumi da haƙora. Shi kuwa ya ce wurin bai yi masa ba.

Hoto ɗaya tak ake nema. Nanay Pilang, mahaifiyar Arnel, za ta cika shekara saba'in ranar Lahadi can tsibirin Samar, ta kuma aiko da saƙo: tunda ɗanta ya ce wasa ne ya hana shi leƙo gida, to a turo mata hotonsa yana tashi sama da ƙwallo, ta rataye kusa da mutum-mutumin Santo Niño, wato Yesu yana yaro, maƙwabta su gani. In hoto bai zo ba, za ta hau jirgin ruwa ta zo ta gani da idonta. Tun da Arnel ya ji haka abinci ya daina wuce masa. Ko a mafarki ba ya son tsohuwar nan ta yi wannan tafiya.

Wasa ya kankama. 'Yan kallo sun cika filin siminti maƙil, suna kaɗa bokitai da cokula sai ka ce ranar biki. Da yake kowa riga ruwan ɗorawa ya saka, sai ɓangaren su Arnel suka tuɓe nasu don a bambanta. Ba wanda ya kai Mang Dado jin daɗin haka.

Ya ruga kusurwa, tumbinsa na rawa a gabansa. Arnel ya yi tsalle, ƙwallo ta faɗa kwando, kyamara ta ce ƙyas! Mang Dado ya duba. Arnel ya fito tsaf, amma katanga ta shigo daga baya har samanta. Ya goge.

Bugoy, abokin Arnel, ya ɗaga murya daga cikin 'yan kallo: "Yallaɓai, kyamarar ce ba ta da kyau, ko Arnel ɗin ne?"

"Bayansa ne bai yi ba."

"To ai gaban ma haka Allah ya yi shi, sai haƙuri!"

Fili ya ɗauki shewa. Mang Dado ya koma tsakiyar gefe, sai ga tagogin ginin can sun jeru a bayan Arnel. Ya goge. Ya ɗare kan tankin ruwa, wandonsa ya ce ɓarrr, bai ko waiwaya ba. Daga sama kuwa bayan 'yan kallo ya cika hoton, kowa da rubutu a rigarsa. Nan ma ya goge, ya sauko yana haki.

Lokaci ya kusa cika. Arnel ya riga ya daina kallon maki, Mang Dado kawai yake kallo, idonsa ya yi rau-rau. Gaskiya abin gwanin ban tausayi, ƙato guda da shi.

Sai Mang Dado ya yi abin da ba a taɓa gani ba. Ya kutsa cikin fili, ya kwanta rigingine daidai ƙarƙashin kwando, ya ɗaga kyamara sama.

Alƙalin wasa ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi wanda ke kwance, ya haɗiye maganarsa.

Mang Dado ya ƙwala kira: "Taho, yaro! Tsallake ni! In ka taka min ciki kuwa, ni da kai ne!"

Arnel ya sheƙo a guje. 'Yan ɗaya ɓangaren ma suka dare masa hanya suna tafi. Ya tashi sama, ya lula, ya dankara ƙwallo cikin kwando, ta sauko ta sami Mang Dado a goshi. Ƙyas ɗin dai ya riga ta.

Aka yi caa a kansa, kowa na ture kowa. Ga Arnel nan a hoton, hannu a miƙe, baki har kunne. Ba komai a bayansa sai sararin sama shuɗi da ɗan gajimare.

Arnel ya daɗe yana kallo, ya share ido da bayan hannu. "Yallaɓai, yanzu kam za ta zauna a gida."

"Yau zan tura wa ƙanwarka ta wanko mata babba," in ji Mang Dado, yana murza goshi.

Sannan ya karkaɗe kakinsa, ya zaro tarin makullai daga ƙugu, ya busa usur, fursunoni suka jeru, Arnel a sahun gaba, ya mayar da su ɗakunansu ya kulle.