Kitson Baba

Ɗayyaba ta gama wankan jego a gidansu na Argungu, mijinta Albashir ya zo ɗaukarta.

"Ta ƙara wata guda, jaririn bai yi ƙwari ba," in ji mahaifiyarta, Hajjo.

Albashir ya sunkuyar da kai. Ɗiyarsu Ummu Hani na gefensa da kayan makaranta. Hijabinta ya zame, wani karkataccen kitso ya bayyana.

"Wa ya yi miki wannan?" Ɗayyaba ta tambaye ta.

"Baba! Ya hana maƙwabta su taɓa min kai."

Ɗayyaba ta dubi hannayensa masu baƙin man gareji, ya yi saurin ɓoye su. Ta miƙe ta goya jaririn.

"Inna, a yi haƙuri. Gida za ni."

Hajjo ta kwashe da dariya. "To, tsefe mata tukuna."

"A'a, Inna. Sai duk Argungu ta gani."