Yashi a Kafireta

Tun daga bakin shinge Mas'ud ya jiyo warin fetur. Ya kafe babur, ya sauke jakar sifanu. Ga ta nan dai a gindin ɗorawa, tsohuwar taraktar Baffa Hamidu, irin mai shan fetur ɗin nan da ta girmi rabin mutanen Badafi, mai yana ɗiga daga kafiretarta kamar hancin mai mura.

Ya durƙusa ya gaida tsohon. Baffa ya amsa yana duban shanunsa. Haka yake kullum, ba ya kallon idon Mas'ud, ba ya kama sunansa. In taraktar ta lalace sai dai ya aika Kwanar Dangora a ce, “A faɗa wa bakaniken nan ta sake.”

Ta kuwa sake. Tun faɗuwar damina ake abu ɗaya.

Aikin ba wani ɓoyayye ba ne. Akwai ɗan kofi da mai ke taruwa a ciki, akwai allura da ke toshe hanya in kofin ya cika. In allurar ba ta zauna daidai ba, sai mai ya yi ambaliya, fulogai su jiƙe, inji ya shaƙe. Mas'ud ya canza allura. Ya wanke tanki, ya sa sabuwar matata a tiyo. Kowane zuwa sai ta tashi garau, ta yi huɗarta lafiya lau, mako na zagayowa a sake aiko masa.

Yau ma ya kwance kafiretar, ya ɗaga wa rana. Ga ƙwayar yashi zaune a bakin allura. Ya ciro matatar ya duba, tas take. To ta ina yashin ya bi? Ya share gumi da bayan hannu, ya ji kamar ya nutse cikin ƙasa.

A Kwanar Dangora maganar ta riga ta zama abin hira a teburin mai shayi. In ya wuce sai a ce, “Injiniyan Badafi, yau ma fura za a je sha?” Direbobin da suka saba tsayawa a rumfarsa sun fara zarcewa wajen Mudi, bakaniken tsallaken titi. Ba za ka ga laifinsu ba. Wanda kafireta ɗaya ta gagara damina guda, wa zai ba shi injin mota?

Abin da ya fi ci masa rai, tsohon bai taɓa yi masa faɗa ba. Da ma zaginsa ya yi, da ya fi sauƙi. Maƙwabta sun yi ta cewa a kira Mudi, Baffa ya yi kamar ba da shi ake ba. Sai dai ya jawo tabarma gindin ɗorawar, ya ɗan ba da baya, ya zauna har aiki ya ƙare. Goggo Kyauta, yayar tsohon, ta fito da ƙwaryar fura da nono wadda aka dama tun kafin a ji ƙarar babur.

Mas'ud ya hure yashin, ya ɗaure komai, ya goge fulogai. Bugu ɗaya ta tashi. Ko daɗi bai ji ba. Ya kashe ta, ya je bayan tsohon ya durƙusa.

“Baffa, ta tashi, amma ni kam na kasa. Kunya ta ishe ni, ko ido ba na iya haɗawa da mutane a Kwana. Na rufe rumfa. Jibi zan bi wani abokina Fatakwal, can babu wanda ya san ni. In ta sake, a kira Mudi.”

Tsohon bai juyo ba. Carbin hannunsa ne kawai ya tsaya.

“Allah ya tsare hanya,” ya ce wa shanu.

Mas'ud ya ɗaure jakarsa, ya hau babur. Furar ma bai taɓa ba.

Goggo Kyauta ta tsaya a kan ƙaninta, ƙwarya a hannu. “Hamidu, tashi ka kira shi. Bai yi nisa ba.”

“Da wane baki, Adda?”

Ƙarar babur ta yi ta raguwa har ta ɓace wajen gonakin masara. Baffa Hamidu ya sa hannu a aljihu, ya fito da ƙaramin sifana da ɗan ƙullin yashi a tsumma, ya tsura musu ido, ya kasa ɗaga kai. A gidansu namiji ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya aika masa ya zo don kawai yana kewarsa, shi kuwa tsohon bai san wata hanyar da zai wuni kusa da nasa ɗan, Mas'ud, ba in ba ya kwance tiyo ya jefa ƙwayar yashi ba.