Filin Bayan Masallaci

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso. Ta zo mu ji ta.

Da hantsi Baba Mutawakil ya fito daga gidansa na unguwar Maamobi, ya tarar da wasu samari sun kafa na'urar awon ƙasa a bakin titi. Suna leƙawa, suna zana taswira. Tun daga unguwar Kanda ake rushe tsofaffin gidaje ana gina masaukin 'yan yawon buɗe ido, ga shi abin ya iso ƙofarsu.

Hankalinsa ya tafi kan filin bayan masallaci. Nan ake ɗaurin aure, nan ake suna, nan ake sallar gawa. Duk unguwa an ɗauka na masallaci ne.

Ba haka ba ne. Wani tsohon soja ne ya karɓi aronsa daga wani dangi na ƙabilar Ga, 'yan asalin garin, a kan idan zuriyarsa ta ƙare fili ya koma hannunsu. Soja ya rasu bai bar ɗa ba. Masu filin sun manta, dattawa suka yi shiru. Cikin waɗanda suka san zancen, biyu suka rage: Baba Mutawakil da amininsa Abdulaziz tela.

Da ya ga ɗaya daga samarin ya ɗauki hoton filin, sai zargi ya shige shi. Lallai wani ya yi magana.

Ya fara lura da Abdulaziz. Ya ga sabon kwano a rufin shagonsa. Ya ga yana amsa waya yana juya baya. Ya daina zuwa shan shayi wurinsa, a masallaci ma ya canza sahu.

"Tsoho, rowar sukari ce ta hana ka zuwa?" Abdulaziz ya tsokane shi a hanya.

"Sha kai kaɗai. Ai ka sami sababbin abokai."

Abin ya ci ransa, ya rasa wanda zai gaya wa, sai Lauratu. Yarinya ce mai ladabi, wadda takan kawo baƙi unguwar ran Asabar, ta zaga da su lungu-lungu, wayarta a hannu, tana tambayar sunan kowane gida. Ba ta wuce ƙofarsa sai ta durƙusa ta ajiye masa goro.

"Baba, ka rame. Lafiya?"

Ya ja ta gefe. Ita da ta san mutanen birni, ta bincika masa ko Abdulaziz na zuwa wurin masu otal. Don ta gane girman cin amanar, ya warware mata komai: sojan, aron, har sunan dangin. Ta saurara kanta a ƙasa, ta ce za ta yi ƙoƙari.

Ba a jima ba sarkin unguwa ya tara mutane. Wakilin wani kamfani ya shimfiɗa taswira, an zagaye filin da ja. Ya ce sun je wurin masu ƙasar na asali, an gama magana, gini zai tashi bayan Sallah.

Baba Mutawakil ya miƙe, ya nuna Abdulaziz.

"Ka sayar mana da wurin sallar gawarmu!"

Abdulaziz ya rantse har da hawaye. Sarki ya tsawatar, ya ce wa wakilin ya faɗi gaskiya, wa ya kai su gidan dangin nan?

Wakilin ya ce shi bai sani ba, sai dai a tambayi shugabar masu taswirarsu. Ya waiwaya, ta shigo, ta durƙusa gaban dattawa yadda ta saba.

"Ranka ya daɗe," in ji Lauratu, "a taswirarmu na masallaci ne, mun ma cire rai. Sai ranar da Baba Mutawakil ya kira ni gefe."

Ƙurunƙus, kan kusu ya ƙare mana ita.